MAMA FANNY CROSBY, MAKAUNIYAR DA MUKE RERA WAƘOƘINTA

Yayin da muke murnar cikar ikkilisiyarmu shekara hamsin, muna tunawa da fastoci, dattawa da masu bishara da suka sha wahala a gonar Ubangiji. Akwai kuma wata uwa wadda ba ta taɓa taka ƙasarmu ba, amma kalmominta sun daɗe a bakinmu. Sunanta Fanny Crosby. Waƙoƙinta da dama an juya su zuwa Hausa, suna cikin Littafin Waƙoƙi da muke riƙewa a sujada. Ya kamata mu san ta.

An haife ta ran 24 ga Maris 1820 a karkarar jihar New York, ƙasar Amurka. Bisa ga labarin da ita kanta ta bayar, tana da mako shida ciwon ido ya kama ta, maganin da aka sa mata kuwa ya makantar da ita. Kafin ta cika shekara ɗaya mahaifinta ya rasu. Mahaifiyarta ta shiga aikatau domin abinci, kakarta ta riƙe ta, tana karanta mata Maganar Allah. Tana da shekara 8 ta tsara waƙarta ta fari. Kafin ta kai 15 ta haddace Bishara huɗu, littattafan Musa biyar, da Zabura masu yawa.

A 1835 ta shiga makarantar makafi ta birnin New York, daga baya ta zama malama a can. An buga littafin waƙoƙinta na fari a 1844. Da annobar kwalera ta faɗa wa birnin a 1849, ba ta gudu ba, ta zauna tana jinyar ɗalibai. Mutuwar da ta gani ta girgiza ta ƙwarai. A watan Nuwamba 1850, wurin taron farkawa a wata majami'ar Methodist, ta miƙa ranta ga Yesu. Ta auri Alexander van Alstyne a 1858, shi ma makaho ne, gwanin kiɗa. Haihuwa ɗaya suka yi, a 1859, Allah ya karɓi abinsa tun cikin jarirantaka.

Sai a 1864, tana da shekara 43, ta fara aikin da duniya ta san ta da shi, sa'ad da mawaƙi William Bradbury ya roƙe ta ta riƙa tsara masa waƙoƙin sujada. Daga nan har tsufanta ta tsara fiye da 8,000. Abin da ake biyanta bai cika wuce dala biyu a kan kowace waƙa ba. Masu buga littattafai ba su so sunan mutum ɗaya ya cika shafi, saboda haka ta yi amfani da sunayen aro wajen 200. Ta zauna a unguwannin matalauta, tana ziyartar gidajen taimakon mashaya da marasa wurin kwana, tana yi musu wa'azi.

Ga yadda take aikinta. Da dare, in gari ya yi tsit, takan tsara waƙa a ka, ta riƙe ta, har wani ya zo da alƙalami ta faɗa masa ya rubuta. Masu wa'azi Dwight Moody da Ira Sankey suka baza waƙoƙin a Amurka da Ingila. Sa'ad da 'yan mishan na SIM suka zauna a Patigi a 1902, na SUM kuma suka iso Wase a 1904, tana nan da ranta. Ta huta ran 12 ga Fabrairu 1915 a garin Bridgeport, saura kaɗan ta cika shekara 95. A ɗan ƙaramin dutsen kabarinta an sa maganar da Yesu ya yi game da macen da ta shafe shi da turare, a Markus 14:8.

'Yan'uwa, mu lura da abu ɗaya. Da ba a sami masu rubutawa ba, da waƙoƙin nan sun shiga kabari tare da ita. Mu ma muna da iyaye mata a Zumuntar Mata waɗanda suka tsara waƙoƙi da harshenmu, a gona, a bakin murhu, a gidan makoki. Yawancinsu ba su yi boko ba, waƙoƙin suna kansu ne kaɗai. Wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, muna rera abin da suka bari ba tare da sanin sunayensu ba. Wasu waƙoƙin ma sun ɓace ɗungum.

Saboda haka muna roƙon matasa da ƙungiyar mawaƙa su ziyarci tsofaffin da suka rage, su zauna a gabansu, su rubuta kalmomin, su ɗauki muryoyin, su sa sunan kowace uwa a kan waƙarta. Kada a jira sai ranar jana'iza. Waɗanda za su yi bikin shekara ɗari su tarar da gādon nan a ajiye.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.