Haƙƙin itace a gonakin Tasawa da Mayahi

A wannan taƙaitaccen nazari muna so mu nuna cewa ɓacewar itatuwa da dawowarsu a karkarar Baudeta sun danganta da haƙƙi fiye da ruwan sama. Dokar Faransa ta 1935 ta sa daji hannun hukuma, ta Nijar ta 1974 kuma ta bi sawunta. Gawo ko a gonar mutum yake, ba ya saruwa sai da izinin ma'aikatan gandun daji, in ba haka ba a ci tara. Don haka manomi kan tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, gudun rigima.

Bayan farin 1984, sassaben zamani, wato barin tohon kututture a riƙa gyara shi, ya bazu daga Maradi, inda Tony Rinaudo ya fara gwada shi a 1983. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar daji ta 2004 sun ƙarfafa haƙƙin mai gona. An ƙiyasta hekta miliyan 5 suka farfaɗo a Nijar.

Sai dai mu lura: itacen da ya zama na mai gona ya fita hannun macen da ke neman makamashi da makiyayin da ke neman 'ya'yan gawo. Rabonsu shi ne batun da ya rage.