Makullin difarenshal na tarakta

Makullin difarenshal, wanda makanikai kan taƙaita sunansa su ce dif-lok, wani sashe ne da ke cikin aksul na bayan tarakta. Aikinsa shi ne ya ɗaure tayoyin baya guda biyu su riƙa juyawa tare a lokacin da taya ɗaya take santsi a cikin taɓo. Matsalar da aka fi saninsa da ita ita ce maƙalewa, wato ya kama sannan ya ƙi saki.

Yadda yake aiki

Idan tarakta za ta sha kwana, tayar da ke waje tana cin tazara fiye da ta ciki. Difarenshal, wato jerin giyoyin da ke tsakanin tayoyin baya, shi ne yake ba kowace taya damar gudu daidai da tazararta. Rauninsa shi ne idan taya ɗaya ta faɗa laka, sai ta yi ta juyawa a banza, ɗayar kuma ta tsaya cik, tarakta ta kafe.

A tsofaffin taraktoci irin su Massey Ferguson 135 da 165, direba yana taka wata feda da ke wajen dugadugin ƙafarsa ta dama. Fedar tana tura wani zobe mai haƙora ya shiga cikin ɗan'uwansa, sai tayoyin biyu su koma kamar suna kan sanda ɗaya. Idan ya ɗaga ƙafa, sifirin ne yake mayar da zoben. A sababbin taraktoci da yawa maɓalli ake dannawa, ƙarfin mai ya kama makullin, kuma yakan saki da kansa idan an taka birki.

Amfaninsa a Kura da Bunkure

Ƙananan hukumomin Kura da Garun Malam da Bunkure suna cikin shirin noman rani na Kogin Kano, wanda yake samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Hukumar raya kogunan Hadejia da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce take kula da shi. Ana noma shinkafa da damina, da rani kuma alkama da tumatir da albasa da masara.

Saboda ƙasar tana shan ruwa rani da damina, direbobi suna yawan taka makullin wajen kafta da haro. Gonakin ƙanana ne, kanal da magudanan ruwa sun kewaye su, don haka tarakta ba ta yin nisa ba ta juya ba. Yawancin manoma hayar tarakta suke yi, bi da bi. Idan ta kwanta kwana biyu a watan Nuwamba, masu jiran layi suna iya makara da shukar alkama, wadda take buƙatar sanyin hunturu.

Alamomi

Babbar alama ita ce tarakta ta miƙe gaba ko da an murɗa sitiyari, tayoyin gaba suna jan ƙasa. Tayar baya ta ciki tana kartar ƙasa ko tana tsalle a kwana, kuma fedar takan zauna a ƙasa. Wannan yana da haɗari a bakin kanal da kuma kan titin Kano zuwa Zariya. Idan aka ci gaba da tuƙi a haka a kan ƙasa mai tauri, tayoyi suna cinyewa, haƙoran giya ko sandar aksul kuma suna iya karyewa.

Dalilai

Dalili na farko ba lalacewa ba ce. Idan taya ɗaya tana ja fiye da ɗaya, haƙoran zoben suna matsuwa har sifirin ya kasa raba su. Bambancin iska ko na girman taya yana ƙara wannan matsi.

Na biyu shi ne tsatsa da busasshiyar laka a kan sandar feda, musamman ga taraktar da ta yi aiki a gonar shinkafa aka ajiye ta ba wanki.

Sauran dalilan na ciki ne: karyewar sifirin, lanƙwashewar ƙarfen da ke tura zoben, ko dakuwar haƙora saboda an taka feda yayin da taya take juyawa da ƙarfi. A mai maɓalli, matsalar takan fito daga maɓallin, ko waya, ko bawul ɗin mai da datti ya toshe.

Yadda ake bincike

Ana farawa da abu mafi sauƙi, ana barin kwance aksul zuwa ƙarshe.

1. A rage totur, a ɗaga garma, a miƙe sitiyari, a taka kuloci. Sau da yawa da zarar nauyi ya sauka makullin yake saki.
2. Idan bai saki ba, a ɗan taɓa birkin gefe ɗaya sannan na ɗaya gefen ana tafiya a hankali, ko a ja baya kaɗan.
3. A kashe inji, a wanke laka daga feda, a zuba mai a kan sandar, a motsa ta sama da ƙasa da hannu. Ba a dukan ta da guduma.
4. A waje mai tauri, a tokare tayoyin gaba, a sa giya a furi, a saki birki, a ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak. Idan tayar ta juya da hannu, makullin ya saki. Idan ta ƙi, yana nan a kame. Ba a tayar da inji a wannan hali, domin tayar da ke ƙasa za ta iya tunkuɗe tarakta daga kan jak.
5. A duba man giya. Idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. Idan akwai ɓarɓashin ƙarfe, wani abu ya ci a ciki.

Idan feda tana dawowa amma tayar ba ta juyawa, matsalar ta ciki ce. A nan sai makanike ya zubar da mai, ya kwance ɓangaren aksul da zoben yake, ya canja abin da ya lalace.

Kariya

Ana taka makullin tun taya ba ta fara juyawa a banza ba. Idan ta riga ta fara, sai a taka kuloci tukuna. Ana sakinsa kafin a kai bakin gona, kuma ba a hawa titi da shi. Wanke tarakta bayan aikin taɓo, da daidaita iskar tayoyin baya, da taka fedar jefi-jefi ko da ba a buƙatarta, suna rage maƙalewarsa.