BABI NA UKU: MANUFAR NIJERIYA KAN FASAHAR NANO DA DARASIN RININ ƘASAR RANO

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi tarihin yadda Nijeriya ta shiga binciken fasahar nano, da irin haɗin gwiwar da ta ƙulla da ƙasashen waje a kai. Za a auna wannan tarihi da abin da ya sami sana'ar rini a ƙasar Rano da Kibiya, domin a can ne aka ga yadda binciken da aka yi a wata ƙasa mai nisa ya karya sana'ar da jama'a suka gada kaka da kakanni. Manufar babin ita ce a nuna cewa haɗin gwiwa ba ya amfanar ƙasa sai idan ya bar mata na'urori da masana a gida, kuma ya taɓa buƙatun manomi da mai sana'a.

3.1 Ma'anar Fasahar Nano Da Asalinta

Nanomita ma'aunin tsawo ne, wato kashi ɗaya cikin biliyan ɗaya na mita. Kaurin silin gashin mutum ya kai kimanin nanomita 80,000. Fasahar nano kuwa ita ce sarrafa abu a lokacin da girmansa yake tsakanin nanomita 1 zuwa 100. Dalilin da ya sa masana suka damu da wannan ma'auni shi ne, idan abu ya ƙanƙance haka ɗabi'arsa takan canza. Alal misali, ƙwayoyin zinariya masu wannan ƙanƙanta sukan koma ja a cikin ruwa, na azurfa kuma suna kashe ƙwayoyin cuta.

Masana tarihin kimiyya sukan fara lissafi daga laccar da Richard Feynman ya gabatar a Amurka a watan Disamba na 1959. Norio Taniguchi na Japan ne ya fara amfani da sunan fasahar a 1974. Sai a 1981 Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙera madubin da ke nuna ƙwayar zarra ɗaya ɗaya a ɗakin binciken kamfanin IBM da ke Zurik. Daga nan gwamnatoci suka shigo. Amurka ta sanar da shirinta na ƙasa a shekarar 2000, ta ba shi sama da dala miliyan 450 a shekarar farko, sannan ta kafa masa doka a 2003. Iran ta kafa majalisar kula da fasahar a 2003, Indiya ta bi sahu a 2007.

3.2 Rano Da Sana'ar Rini

Rano tana kudu da birnin Kano, kuma ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai. A ruwayar Bayajida, da aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Kano da Rano ne aka ba sarautar baba, wato su ne ƙasashen saƙa da rini. Ko da masana suna jayayya a kan ruwayar, ta dai nuna sana'ar da aka san ƙasar da ita tun da daɗewa. A dokar masarautu ta 2024, masarautar Rano ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure.

Binciken da Philip Shea ya kammala a 1975 ya nuna cewa a ƙarni na 19 mafi yawan rinin da ake fitarwa daga ƙasar Kano a garuruwan karkara ake yin sa, musamman na kudu, kamar Kura da maƙwabtanta. Ya kuma nuna cewa marina sun kawo wata dabara da ta rage musu tsada. Maimakon manyan tukwane, sai suka riƙa haƙa rijiyoyi masu zurfi suna shafe su da laso, wanda ake haɗawa daga ƙonannen katsi da gashin dabba da dafara. Wannan ya sa ana rina tufa mai yawa a lokaci ɗaya. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana kai kayan raƙuma 300 na tufafin Kano zuwa Tumbutu kowace shekara.

Aikin marini a karofi aikin kimiyya ne, ko da bai kira shi da wannan suna ba. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Sai an haɗa shi da toka da katsi an bar shi ya ruɓa na wasu kwanaki kafin ya narke ya shiga cikin zare. Idan aka ɗaga tufar ta sha iska, sai shunin ya koma ƙananan ƙwayoyi ya maƙale a cikin zaren. Marini ya san duk wannan ta hanyar gado da gwaji, amma ba shi da na'urar da za ta nuna masa ƙwayar da yake sarrafawa.

Waɗanda suka sami wannan dama su ne Jamusawa. Adolf von Baeyer ya gano ƙirar ƙwayar shuni a 1883. Kamfanin BASF ya shafe shekara 17 yana bincike, ya kashe mak miliyan 18, kafin ya fitar da shunin masana'anta kasuwa a 1897. A wannan shekara ana samar da kimanin tan 19,000 na shunin tsiro a duniya, amma zuwa 1914 ya koma kimanin tan 1,000. A ƙasar Kano rinin gargajiya ya jure na tsawon lokaci, to amma bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 yadin Turawa da shuninsu suka yi ta kwararowa, manoma kuma suka karkata ga gyaɗa. Sannu a hankali karofi da dama a garuruwan kudu suka zama kufai. Ke nan ba rashin gwaninta ne ya kayar da marinan Rano ba, sai dai rashin wata hukuma da za ta ɗauki iliminsu ta kai shi ɗakin bincike.

3.3 Matakan Da Nijeriya Ta Ɗauka

Nijeriya ta fitar da manufarta ta farko kan kimiyya da fasaha a 1986, aka sake ta a 2012 da kuma 2022. A 1992 aka kafa hukumar NASENI don samar da kayan aikin kimiyya da injiniya, a 1993 kuma aka kafa cibiyar SHESTCO a Sheda kusa da Abuja. A 2006 NASENI, ƙarƙashin Farfesa Olusegun Adewoye, ta ƙaddamar da shirin fasahar nano na ƙasa, wanda ya mai da hankali kan magunguna da makamashi da tace ruwa.

Idan aka duba shekarar, za a ga cewa Nijeriya ba ta makara ba, domin a 2005 ne Afirka ta Kudu ta tsara nata shirin. Bambancin ya fito ne daga baya. Afirka ta Kudu ta buɗe cibiyoyi biyu na musamman a CSIR da Mintek a 2007, ta ƙara da cibiyar manyan madubai a jami'ar Nelson Mandela a 2011. Shirin Nijeriya kuwa ya zo ba tare da dokar kansa ko tsayayyen kasafi ba. Haka kuma, tun a Tsarin Legas na 1980 ƙasashen Afirka suka yi alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinsu a kan bincike, amma alkaluman da aka tattara a 2007 da 2019 sun nuna Nijeriya ba ta kai ko rabin wannan ba.

Saboda haka nauyin aikin ya koma kan malaman jami'a. A jami'ar LAUTECH da ke Ogbomosho, Farfesa Agbaje Lateef ya jagoranci kafa ƙungiyar binciken nano a 2014, inda suka samar da ƙwayoyin azurfa ta amfani da ɓawon goro da saƙar gizo. Jami'ar Nsukka ma tana da irin wannan ƙungiya. Sai dai sau da yawa akan haɗa ƙwayoyin a gida, sannan a aika da su Afirka ta Kudu ko Indiya don a auna, saboda ƙarancin madubai da matsalar wutar lantarki.

3.4 Haɗin Gwiwa Da Ƙasashen Waje

Ana iya kasa haɗin gwiwar gida uku. Na farko shi ne ta hannun 'yan ƙasa mazauna waje, kamar Farfesa Wole Soboyejo, wanda yake jami'ar Princeton ta Amurka a lokacin, ya kuma shugabanci Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da aka kafa a Abuja a 2007. Na biyu shi ne tsakanin ƙasashen Afirka, ta ƙungiyar NANOAFNET da Farfesa Malik Maaza yake jagoranta daga Afirka ta Kudu. Na uku shi ne ta hukumomin duniya, kamar cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Italiya a 1964, da shirin Bankin Duniya na cibiyoyin ƙwarewa wanda ya fara a 2014, inda Cibiyar Noma a Busassun Ƙasashe ta Jami'ar Bayero ta sami shiga.

Waɗannan hanyoyi sun horar da ɗalibai masu yawa. Amma horon da bai zo da na'ura ba yakan sa ɗalibin ya zauna inda na'urar take.

3.5 Abin Da Ya Shafi Rano Da Kibiya

Noma shi ne babbar sana'ar Rano da Kibiya, kuma madatsar ruwan Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako ta bunƙasa noman rani a kudancin Kano. Don haka taki ne zai fara kawo fasahar nano ƙofar manomin wannan yanki. A 2021 ƙungiyar IFFCO ta Indiya ta fitar da takin yuriya na nano, ta ce kwalba mai rabin lita tana maye gurbin buhu mai kilo 45. Daga baya gwajin da Jami'ar Noma ta Punjab ta yi ya nuna raguwar amfanin alkama da shinkafa. Indiya tana da masu auna wannan da'awa. Manomin Kibiya da zai sayar da akuyarsa ya sayi irin wannan kwalba yana buƙatar masu auna masa ita a ƙasarsa.

Bayan haka, yankin yana da albarkatun da binciken ke nema. Ƙaiƙayin shinkafa da ake ƙonawa a Kura da Bunkure yana ɗauke da sinadarin silika, ƙwayar zogale kuma an daɗe ana tace ruwa da ita. Akwai makarantar fasahar karkara ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano a garin Rano, ga kuma jami'ar Wudil da aka kafa a 2001.

3.6 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa Nijeriya ta fara shirin nano da wuri, amma ba ta ba shi doka da kuɗi ba. An kuma ga cewa Rano ta taɓa rasa babbar sana'arta saboda binciken da aka yi a Jamus. Don haka ya kamata kowace yarjejeniya da za a ƙulla ta ƙunshi girka na'urar awo a wata jami'ar Kano, da horar da masu gyaranta, da gwada kowane sabon taki a gonakin yankin kafin ya shiga kasuwa. Babi na huɗu zai duba yadda za a fassara kalmomin wannan fasaha zuwa Hausa don amfanin malaman gona.