Da ƙuri'a muka samu dutsen nan

'Yan uwa ɗaliban Arewa, idan abokan karatunmu na nan Kudu suka ce garinku ba komai sai rairayi da zafi, ku tambaye su ina dutse mafi tsawo a Najeriya yake. Chappal Waddi ne, wanda ake kira Gangirwal, mita 2,419, a jihar Taraba, dab da iyakar Kamaru. Hawansa tafiyar kwanaki ce a ƙafa, da ɗan jagora da masu ɗaukar kaya, ana kwana a daji. A can sama kuwa fili ne na ciyawa, ga hazo, ga sanyi mai shiga ƙashi. Abin da ya ja Fulani da shanunsu zuwa tuddan ke nan, tunda ƙudan tsando bai cika kaiwa can ba.

Amma fa saura ƙiris ya zama ba namu ba. Yankin a hannun Jamus yake, har yanzu akwai kufan ganuwarsu a Gashaka. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ba Ingila riƙonsa. A 1959 aka tambayi mutanen wurin, suka ce a dakata tukuna. Wannan ya girgiza Kaduna sosai, Sardauna ya tashi tsaye, aka yi musu alkawarin lardin kansu. A Fabrairun 1961 kusan kashi 60 cikin 100 suka zaɓi Najeriya, aka yi Lardin Sardauna.

Gandun Gashaka-Gumti da dutsen ke ciki kuwa, sai 1991 aka kafa shi, hedikwatarsa na Serti.