Daga Zauren Fatoma Zuwa Gidan Haya: Baƙo da Karatun 'Ya'yansa a Arewacin Togo

Kambole gari ne a gundumar Tchamba, gabas da Sokode, dab da iyakar Benin, mutanensa na magana da wani harshe ɗan'uwan Yarbanci. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa can, malamin makaranta ne ko na asibiti, abu biyu ke hana shi barci: ina zan sauka, kuma ina yara za su yi karatu? Wannan tambaya ta girmi ƙasar Togo kanta, domin fataken Hausa sun sha fama da ita tun kafin zuwan Bature.

A ƙarni na 19 ayarin goro kan taso daga Kano ko Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu da Jugu, ya bi ta ƙasar Kotokoli, ya nufi Salaga a Gwanja. Wata hanyar ta arewa kuma ta Sansanin Mango take bi, garin da har yau sunansa ke ɗauke da kalmarmu ta sansani. A inda Sokode take yanzu akwai Didawure, unguwar baƙi Musulmi 'yan kasuwa, kusa da Kparatawo, fadar sarki Jobo Bukari wanda ya karɓi Musulunci.

To, yaya baƙo ke samun muhalli a irin wannan wuri? Ba haya yake biya a wata ba. Madugu zai kai shi wurin fatoma, shi kuma ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Ladan fatoma a cikin la'adar ciniki yake fitowa. Idan baƙo ya ga wurin zama, sai sarkin zango ya nema masa fili ya kafa bukkarsa. Makaranta kuwa ba sai an je nema ba, tana zauren liman ko na wani malami, yara su ɗauki allo da asuba, da dare a kewaye wuta. Gida, kasuwa da makaranta duk a cikin tafiyar da ba ta kai shan ruwa ba. Ba na cewa babu tsada a ciki. Wanda ya zauna a inuwar fatoma ba shi da bakin musa masa, kuma 'ya'ya mata kaɗan ne suka yi nisa a karatun. Amma dai talauci bai raba mutum da malamin ɗansa ba.

Malamin ma baƙo ne mai bin aiki. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga, da yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin sai ya koma Kete-Krachi, wadda daga baya ta shiga hannun Jamus. Can ya ci gaba da koyarwa har rasuwarsa a 1934, ɗalibai na bin sa daga nesa.

Jamusawa sun kafa mulki a gaɓar teku a 1884, suka iso Sokode a ƙarshen ƙarnin, suka miƙa wuya a Kamina a 1914, Faransa ta gaji wannan ɓangare. A nan lissafi ya canja. Makarantar boko a hannun 'yan mishan ta fara, su kuwa a kudu suka yi kaka-gida. Jamusawa ma sun rufe musu arewa na wasu shekaru. Jirgin ƙasa ya kai Atakpame a 1913, ya ƙara gaba zuwa Blitta a shekarun 1930, ya tsaya nan bai ga Sokode ba. Saboda haka akawu da malamin da ake turowa arewa galibi ɗan kudu ne, ya zo da takardar gwamnati, ba da wasiƙar madugu ba. Babu fatoman da ke jiransa, kuma makarantar da zai yarda da ita tana Lome. Da yawa sai su bar iyali a baya.

Bayan 'yancin kai a 1960 makarantu sun yaɗu, a 2008 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, Jami'ar Kara ta fara karatu a 2004. Sai dai giɓin bai cike ba. A gari irin Kambole ɗaki na da sauƙi, abinci ma haka, amma araha ba ta ado: manyan makarantu da na koyon sana'a sun fi taruwa a Sokode, inda mai gida ke neman kuɗin watanni tun kafin ka ga mabuɗi, ga ɗan kamasho na jiran nasa. Dapaong, hedikwatar yankin Savanes, ta ƙara da nata nauyin, domin tun harin farko na Nuwamban 2021 a Kpendjal da dokar ta-ɓacin da aka sa a Yunin 2022, mutanen ƙauyukan iyaka ke gangarowa manyan garuruwa neman mafaka, su ma da yaransu 'yan makaranta.

Mafitar da mutane suka kama tsohuwa ce, wato riƙo. Uba ya zauna inda aiki ya ajiye shi, ya tura yaro wurin ƙanwarsa ko wani amini a Sokode, yana aika buhun masara da doya a motar kasuwa. A unguwannin zango kuma makarantun Faransanci-da-Larabci sun tsiro kusa da masallatai, yaro ya yi jarrabawar gwamnati, ya kuma yi haddarsa ba tare da an biya masa kuɗin babur ba. Baƙon da ya sauka a tashar Sokode yau, idan Bahaushe ne, har yanzu gidan sarkin zango ko na liman yake fara tambaya.