Meishi: Ladubban musayar katin kasuwanci a ƙasar Japan

Meishi shi ne sunan da Japanawa suke kiran ɗan katin da ke ɗauke da sunan mutum da muƙaminsa da sunan kamfaninsa da lambar wayarsa. Girman da aka saba da shi milimita 91 ne a tsawo, 55 a faɗi. A wajen ma'aikata da 'yan kasuwar Japan, katin yana tsayawa ne a madadin mai shi, saboda haka wanda ya wulaƙanta kati, tamkar ya wulaƙanta mutumin da ya miƙa shi ne.

Asali

Al'adar ta samo tushe daga ƙasar Sin, inda a da can baƙo yakan rubuta sunansa a sallen gora ko na katako domin ya sanar da zuwansa. A Japan kuwa, a zamanin Edo (1603 zuwa 1868), wanda ya kai ziyara bai tarar da maigida ba yakan bar sunansa a rubuce da hannu a kan takardar gargajiya mai suna washi.

Dalilin girmama shi

Harshen Japananci yana da tsarin girmamawa da ake kira keigo, wanda a cikinsa kalmomi suke sauyawa gwargwadon matsayin wanda ake yi wa magana. Kati ne yake bayyana wannan matsayi: ko mutum shacho ne, wato shugaban kamfani, ko bucho, shugaban sashe, ko kacho, wanda ke ƙasa da shi. Sai an karanta kati ake sanin irin lafazin da ya dace, shi ya sa musayar take gabatar kowace tattaunawa.

Yadda ake musayar

A tsaye ake yin ta, kuma ba a miƙa kati ta saman teburi. Baƙo, ko ƙarami a muƙami, shi yake fara miƙa nasa da hannu biyu, rubutun yana fuskantar mai karɓa, yana ɗan rusunawa tare da faɗin sunan kamfaninsa da nasa. Yakan kuma sassauto da katinsa ƙasa da na babba, alamar ƙanƙan da kai. Idan tawaga biyu suka haɗu, manya suke fara musaya.

Mai karɓa yakan karɓa da hannu biyu, ba tare da ya rufe sunan da yatsa ba, ya tsaya ya karanta. Da yake baƙaƙen kanji sukan karantu ta hanya fiye da ɗaya, tambayar yadda ake furta suna ba abin kunya ba ne. Idan an zauna, akan jera katunan a teburi bisa tsarin zaman masu su, na babba a kan 'yar jakar kati da ake kira meishi-ire, har sai an tashi.

Abubuwan da ake ƙi

Ba a yin rubutu a katin mutum a gabansa, ba a naɗe shi, ba a wasa da shi a hannu, ba a cusa shi a aljihun baya na wando. Miƙa kati mai datti ko zuwa taro babu kati, duk alamun sakaci ne.

Ga ɗan kasuwar Najeriya

Tun 1993 Japan take shirya taron TICAD kan ci gaban Afirka, wanda shugabanni da 'yan kasuwar nahiyar suke halarta. Na 2019 da na 2025 a birnin Yokohama aka yi su. Mai niyyar irin wannan tafiya yakan buga kati mai fuska biyu, Turanci a ɗaya, Japananci a ɗaya.

Ladabin kansa ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A Kasuwar Daji ko Shinkafi, dillali ne yake gabatar da baƙo ya faɗi ko shi wane ne kafin a shiga ciniki, kuma ba a miƙa wa babba abu da hannun hagu. A Tokyo, kati ne yake yin aikin dillalin.