Daga PZ zuwa tukunyar miya: ina daddawa ta shiga?

Yau ina so mu taɓa tarihin wani abu da yawancinmu ke toshe wa hanci, wato daddawa.

Bari mu fara daga PZ. Sunan ya samo asali ne daga kamfanin Paterson Zochonis, na wasu 'yan kasuwa biyu Turawa. Da layin dogo ya iso Zariya wajajen 1911, sai kamfanoni irinsa suka kafa kantuna kusa da tasha, suna sayen gyaɗa da auduga da fatu, suna sayar da kayan Turai. A gefensu Sabon Gari ya tashi. A ganina, tun lokacin muka fara ɗaukar kayan kanti a matsayin wayewa, na gida kuma ƙauyanci.

To amma kafin zuwan kanti, da me ake miya? Iyayenmu mata kan dafa kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa, kusan wuni guda. Su surfe ta, su wanke, su sake dafawa, sannan su rufe ta a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku. A nan wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ke narka furotin ɗin kalwar, su fito da sinadarin da ke ba miya armashi. Ku ji abin mamaki: irin wannan sinadarin ne ginshiƙin ɗanɗanon Maggi, wanda aka fara dunƙulawa a 1908. Mutanen Japan ma da irin ƙwayoyin nan suke sarrafa waken soya, kuma suna alfahari da shi.

Ba daddawa kaɗai ba fa. Kindirmo, kamun koko, kunun zaƙi, duk hikima ɗaya ce: a bar abu ya kwana, ya yi tsami, ya ƙara daɗi. Yarabawan Sabon Gari ma suna da tasu daddawar, iru suke ce mata.

A Samaru an kafa tashar binciken noma tun 1922, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Mu da muka yi boko mun haddace sunan ƙwayoyin nan da Turanci don cin jarrabawa. Amma mu nawa ne za su iya haɗa daddawa daga farko har ƙarshe?

Ga inda gizo ke saƙa: ana sare ɗorawa don itace da gawayi, ita kuwa sai ta shekara da shekaru kafin ta yi 'ya'ya. Tsofaffin da suka iya aikin suna ta tafiya. In sana'ar ta mutu, abincin matan karkara da yawa ya tafi ke nan.

Ni ban ce a zubar da dunƙule ba. Roƙona shi ne, in kana da kaka a raye, ka zauna da ita, ka kunna wayarka ka naɗi yadda take yi. In kin shiga kasuwar Sabon Gari, ki sayi ko ta ɗari biyu ce.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.